Babi na Shida: Tsohon Maigadi a Sabon Gida

Wata Asabar cikin bazara, a makon da ɗalibai ke rububin buga takardar shiga jarrabawar JAMB, na leƙa shagon ƙanena da ke cikin garin Daura na iske shi sharkaf da zufa. Shagon irin wanda kowa ya sani ne: kwamfuta uku, firinta, injin fotokwafi, da ɗan janareto yana ƙugi a bakin ƙofa. Yara sun cika benci har wasu na tsaye a rana, wannan daga Sandamu, wancan daga Zango, kowa da lambar rajistarsa a 'yar takarda. Babbar kwamfutar da ake ji da ita, wadda ko wata ɗaya ba ta yi da zuwa daga Kano ba, ita ce ta yi gardama. In an kunna ta sai ta ɗauko kamar za ta shiga, can sai allon ya koma shuɗi da wasu rubuce-rubucen Turanci, ta ɗauke, ta sake kunna kanta. Haka take ta yi tun safe, ga mai yana ƙonewa a banza.

Aka kira mai gyaran da ya haɗa ta. Ya iso a kan babur, ya zauna, ya kunna, ya ga abin da muka gani.

"Injiniya, me ka zuba mata ne?" in ji ƙanena.

"Wallahi Oga, abin da nake sa wa kowa shi na sa maka. Shekara nawa ina aiki da su, ba su taɓa ba ni kunya ba."

Na ce ya nuna mini. Ya kwance wani filash da ke ɗaure a makullin babur ɗinsa, muka soka a wata kwamfutar. Abubuwa uku ne a folda ɗaya: antibairos da aka fasa lasisinsa, wata manhaja mai kulle ƙofofin filash, da wata da ake danna maɓalli ɗaya ta rurrufe sassan Windows da ake ganin ɓarayi kan bi. Na duba shekarun kowacce. Ƙaramarsu 'yar zamanin Windows 7 ce, babbarsu kuwa tun zamanin XP. Kwamfutar da aka ɗora su a kai Windows 10 take ɗauke da ita. Sun zauna lafiya na 'yan makonni, har daren da kwamfutar ta samu intanet mai ƙarfi ta sabunta kanta. Gari na wayewa tsohon maigadi ya ga gidan ya canza masa, shi ke nan ya hana kowa shiga, har da mai gidan.

Da na faɗa masa haka sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai da tsohuwar zuma ake magani."

Da an yi haƙuri da an ciro fayilolin da ke ciki tukuna, amma ga layi, ga mai yana ƙarewa, sai aka yi mata fomatin. Hotunan fasfo na kwastomomi suka tafi, tare da babi uku na furojet ɗin wata ɗaliba da ba ta da kwafi ko'ina. Ɓarawo bai shiga kwamfutar nan ba, bairos bai taɓa ta ba. Abin da aka sa don ya tsare ta shi ya kayar da ita.

A babin da ya gabata mun yi magana kan masu kutse da dabarunsu. Wannan babin a kan maigadi ne, da abin da ke faruwa idan an rushe gidan da ya sani an gina wani, shi kuwa aka bar shi a bakin aiki.

Yadda filashin ya cika

Kada mai karatu ya ɗauka mai gyaran nan bai san aikinsa ba. Duk abin da ke cikin filashinsa ya taɓa yin rana.

Windows XP ta fito a watan Oktoban 2001, shekarar da wayar GSM ta shigo Najeriya. A shekarun da suka biyo baya shagunan intanet da na buga takardu suka yaɗu daga manyan birane zuwa garuruwa irin su Daura, kuma da wuya ka ga kwamfutar da ba XP take ɗauke da ita ba. Ita kuwa XP tana da saurin yarda da baƙo. Filash kan iya zuwa da wani ɗan fayil mai umartar kwamfuta ta kunna wata manhaja da zarar an buɗe shi, ita kuma ta bi umarnin ba tambaya. Ta wannan kafa bairos iri-iri suka riƙa yawo daga aljihu zuwa aljihu. Conficker, wanda ya ɓulla a ƙarshen 2008 ya kama miliyoyin kwamfutoci a duniya, yana cikin masu bin wannan hanya. Daga baya aka shiga zamanin bairos ɗin da ake kira shotkot, mai ɓoye fayilolin mutum ya bar masa inuwarsu. Duk wanda ya yi karatu a babbar makaranta a waɗannan shekaru ya san faɗuwar gaban buɗe filash a ga babu komai.

Shagon da filash ke shiga da fita daga safe zuwa dare dole ya nemi tsari. Sai aka samu Smadav, ƙaramin antibairos daga ƙasar Indonesiya, wanda ya shahara a wurinmu saboda ba shi da nauyi kuma ya iya farautar bairos ɗin filash. Aka samu USB Disk Security da ire-irensa. Aka samu Deep Freeze ta kamfanin Faronics na Kanada, wadda ke daskarar da kwamfuta: duk ɓarnar da kwastoma ya yi, da an kashe an kunna sai komai ya koma yadda yake. Shi ma Microsoft ya fitar da tasa kyauta mai suna Windows SteadyState domin makarantu da shagunan intanet. Waɗannan sun ceci jarin mutane da yawa, kuma wanda ya koyi gyara a wancan lokaci yana da dalilin ganin girmansu.

Matsalar ita ce kwafin da ya shiga filash ba ya fita. Data na da tsada, wuta ba ta zama, saboda haka ba wanda ke son sauko da sabuwar manhaja alhali yana da tsohuwa a aljihu. Yaron shago kuma in zai samu 'yanci, kamar yadda yaron maƙeri ke tafiya da guduma da awartaki, shi ma kwafin filashin ubangidansa yake tafiya da shi. Kwamfutocin gwanjo da ake sarowa daga Kano ko daga Computer Village ta Ikeja a Legas galibi sai an sake zuba masu komai, kuma abin da ke cikin filashin nan shi ake zubawa, ko wace irin Windows suke ɗauke da ita.

Ana cikin haka gidan yana ta canzawa. Windows 7 da ta fito a Oktoban 2009 ta toshe waccan kafa ta filash, kuma a Fabrairun 2011 Microsoft ya tura irin wannan gyara ga XP da Vista. SteadyState ba ta taɓa aiki a Windows 7 ba, an ma daina bayar da ita a ƙarshen 2010. Daga Windows 8 ta 2012, Defender ya zama cikakken antibairos da ke zuwa a jikin Windows kyauta. An daina kula da XP ranar 8 ga Afrilu, 2014. Windows 10 ta fito a Yulin 2015, ita kuma Windows 7 aka sallame ta ranar 14 ga Janairu, 2020. Wasu cututtukan da filashin ke magani sun daɗe da kau, amma maganin yana nan ana ɗura shi.

Zaure da ƙurya

Mai gyara zai iya kawo hujja mai ƙarfi. Zai ce ga tsohuwar manhajar koyon tafin, ga ta Alƙur'ani, ga Word ta shekaru goma sha da suka wuce, duk suna tafiya lafiya a sabuwar kwamfuta. Me ya sa na tsaro ne kaɗai za a ce sun tsufa?

Amsar tana cikin tsarin gidan Bahaushe. Babbar manhaja, wato Windows ko makamanciyarta, tana da zaure tana da ƙurya. Manhajojin yau da kullum baƙi ne, a zaure suke tsayawa. In Word tana son ajiye takarda ko aika ta firinta, aike take yi ciki a yi mata. In ta yi tuntuɓe ta faɗi, ita kaɗai ta faɗi, a rufe ta a sake buɗewa. Microsoft kuma yana ƙoƙarin barin zauren yadda yake shekara da shekaru domin tsofaffin baƙi su gane ƙofa.

Ƙuryar ita masana ke kira kanel. A nan ake rabon ma'adanar wucin-gadi, a nan ake magana da hadis, wato ma'ajiyar fayiloli, da allo da kibod da ƙofofin filash. Manhajar tsaro ba za ta iya aikinta daga zaure ba, domin tana buƙatar ganin kowane fayil kafin a buɗe shi, da kowace manhaja kafin ta tashi. Don haka takan dasa wani ɗan yanki nata, wanda masu gyara ke kira direba, a can cikin ƙurya. A zamanin XP wasu ma ba sa tsayawa nan, sukan taɓa ginin kanel ɗin kansa, kamar maigadin da ya huda bango don ya riƙa leƙen ɗakuna. Irin wannan aiki ya dogara ne da sanin daidai inda kowane abu yake. Ranar da aka matsar da bango, maigadin zai kai hannu inda ya saba ya taɓo wani abu daban. Ita kuwa Windows, in kuskure ya auku a ƙurya, tsayar da komai take yi nan take, domin ci gaba da aiki a haka na iya lalata bayanan da ke hadis. Shuɗin allon da muka gani a shagon ƙanena ke nan.

Microsoft ya daɗe yana ƙoƙarin korar masu huda bango. A 2005 ya sa wani tsari mai suna PatchGuard a Windows mai bit 64, wanda ke tsayar da kwamfuta in an taɓa ginin kanel. A 2006, gab da fitowar Vista, manyan kamfanonin antibairos biyu, Symantec da McAfee, suka fito fili suna ƙorafin cewa an ɗaure masu hannu. Daga Vista mai bit 64 kuma aka wajabta wa kowane direba sa hannun shaida kafin a bar shi ya shiga. Ga kuma wata ƙa'ida da ba ta da makawa: direban da aka yi wa Windows mai bit 32 ba ya hawa mai bit 64, kuma Windows 11 ba ta da nau'in bit 32 kwata-kwata. Saboda haka tsohuwar manhajar tsaro a sabuwar kwamfuta ɗayan biyu ne: ko a tare ta a ƙofa, ko ta kutsa ciki ta yi ɓarna.

Ranar da maigadi ya tare hanya

Wannan ba matsalar ƙananan shaguna ba ce kaɗai. A farkon Janairun 2018 aka bayyana wasu manyan kurakurai biyu a ƙwaƙwalwar kwamfutoci, Meltdown da Spectre. Gyaran Meltdown sai da ya taɓa yadda kanel ke tsara ma'adanarsa. Da Microsoft ya gwada gyaran, sai ya gano wasu antibairos na kai hannu cikin kanel ta hanyoyin da ba a amince da su ba, kuma in gyaran ya same su kwamfuta na iya ƙin tashi. Sai ya kafa sharaɗi: ba za a tura wa kwamfuta sabuntawar tsaro ba sai antibairos ɗin da ke cikinta ya ajiye wata alama mai nuna ya dace da gyaran. Kamfanonin da ke raye suka yi maza suka sabunta kayansu. To amma a tuna da kwamfutar da ke ɗauke da fasasshen kwafin da ba ya magana da kamfaninsa. Wa zai ajiye mata alamar? Tsawon watannin da sharaɗin ya yi yana aiki, irin waɗannan kwamfutoci ba sa samun gyara, masu su kuma ba su sani ba.

A Afrilun 2019 aka sake kwatawa. Sabuntawar wannan wata ta sa kwamfutoci masu Windows 7 da ke ɗauke da antibairos na Sophos, Avast da Avira suka riƙa sandarewa, har sai da kamfanonin suka fitar da gyara. Babban darasi kuwa ya zo ranar Juma'a, 19 ga Yuli, 2024, lokacin da kamfanin tsaro na CrowdStrike na Amurka ya tura wani fayil mai kuskure ga manhajarsa da ke aiki a cikin kanel. Microsoft ya ƙiyasta kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka faɗi. Jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya cik. Wannan fa sabuwar manhaja ce da ake biyan kuɗi masu yawa a kanta, da injiniyoyi suna kula da ita dare da rana. In mai irin wannan gata ya yi tuntuɓe a ƙurya duniya ta girgiza, ina ga marayan kwafi da ya shekara goma a filash?

Ba kullum ake kaiwa ga shuɗin allo ba. Wani lokaci tsohuwar manhajar kulle ƙofofin filash ce za ta hana sabuwar firinta ko na'urar ɗaukar zanen yatsa aiki. Wani lokaci manhajar maɓalli ɗaya ce za ta kashe wani sashe da a zamanin XP ba a buƙatarsa, alhali yau da shi ake sabuntawa ko haɗa intanet, sai a yi ta zargin layin waya. Mu mutanen Daura ba a ba mu labarin macijin da ya kwanta a rijiya ya hana masu ita ɗiba sai ranar Juma'a. Rijiyar Kusugu tana nan cikin gari. Bambancin kawai, wancan macijin ba wanda ya kawo shi, wannan kuwa mu ke kiran mai gyara mu biya shi ya sa mana.

Maigadi mai barci da ido buɗe

Kwamfutar da ta faɗi ta fi sauƙi, domin an ga ciwon. Wadda ta fi ban tsoro ita ce mai nuna koren tambari a gefen allo, alamar komai lafiya, alhali antibairos ɗin rabonsa da sabon jerin sunayen cututtuka an yi shekaru. Ɓarayin da ya sani sun yi ritaya, na yanzu kuwa ko fuskarsu bai taɓa gani ba. Ƙari a kan haka, Windows kan janye Defender gefe idan an ɗora wani antibairos, don kada su yi karo. Masu gyara da yawa ma da hannu suke kashe Defender da sabuntawa gaba ɗaya, saboda Defender kan goge 'yar manhajar da suke fasa lasisin Windows da Office da ita. An kori matashin maigadi mai gani, an bar tsoho mai gyangyaɗi.

Manhajar daskarewa ma tana da nata tarkon. Tunda duk abin da ya shiga kwamfuta gogewa yake in an kashe ta, to har gyaran da Microsoft ya turo gogewa yake. Kwamfutar za ta sauko da shi yau, gobe ta manta, ta sake saukowa, data na tafiya, tsagar bangon kuma tana nan. Sababbin nau'o'in irin wannan manhaja suna da lokacin da ake narkar da kwamfuta ta karɓi gyara sannan a sake daskarar da ita, amma sai an saita, kuma mai shagon da aka sa wa ba tare da bayani ba bai san da wannan ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 12 ga Mayu, 2017, bairos mai garkuwa da fayiloli da ake kira WannaCry ya bazu a ƙasashe sama da 150. A Ingila ya shiga asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita kusan 19,000. Abin takaicin shi ne Microsoft ya riga ya fitar da gyaran tsagar da ya bi tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Waɗanda abin ya ci, akasarinsu masu Windows 7 ne da ba su ɗora gyaran ba. Duk abin da ke hana kwamfuta sabuntawa, ko da sunansa tsaro, aikin ɓarawo yake sauƙaƙawa.

Akwai kuma mataki na gaba, inda maigadin kansa ke zama ƙofa. Tunda direban manhajar tsaro yana da izinin shiga ƙurya, in aka samu rauni a jikinsa ɓarawo ya samu makullin gida sukutum. A 2022 masu binciken kamfanin Trend Micro suka gano gungun masu garkuwa da fayiloli na AvosLocker suna zuwa da wani tsohon direban Avast na gaskiya, mai sa hannun shaida, suna amfani da shi wajen kashe manhajojin tsaron kwamfutar da suka shiga. Kamfanin ya riga ya toshe raunin a sabon nau'i, tsohon ne ya zama makami. Microsoft yana da jerin irin waɗannan direbobi da Windows ke ƙin karɓa, amma jerin ta hanyar sabuntawa yake isowa. Wanda ya rufe wannan hanya ya rufe wa kansa.

Yadda mai gida ya sallami nasa

Mafi kyawun misali a wannan fage na Microsoft ne da kansa. A 2009 ya fitar da wata manhajar ƙarfafa tsaro kyauta mai suna EMET. Aikinta shi ne ta lulluɓe manhajoji irin su burauza da Office da wasu garkuwoyi, ta yadda ko akwai rauni a jikinsu zai yi wuya a ci moriyarsa. Masana tsaro sun yaba mata, ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni suka rungume ta.

Amma a farkon 2016 masu binciken kamfanin FireEye suka nuna cewa ana iya amfani da wani sashe na EMET a kashe EMET ɗin kanta. A ƙarshen wannan shekara Microsoft ya fito ya amsa cewa manhajar na maƙalewa a sassan Windows ta hanyoyin da ba a gina su don haka ba, kuma hakan na jawo nauyi da tangarɗa. Sai ya ɗauki garkuwoyin ya gina su a jikin Windows 10 kanta. Daga nau'in da ya fito a Oktoban 2017, Windows 10 ba ta karɓar EMET, in ma ta same ta a ciki cire ta take yi. Ranar 31 ga Yuli, 2018 aka rufe babinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. In wanda ya gina gidan ya sallami maigadin da ya ɗauka da hannunsa, bai kamata mu riƙe na aro da ya girme shi ba.

Abin da ke gaban Daura

Daura ta yau ba ta shekara ashirin baya ba ce. Ga Kwalejin Yusuf Bala Usman, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, ga Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a Disambar wannan shekara. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya da kwamfuta ake yin ta. Biyan kuɗin makaranta, duba sakamakon WAEC da NECO, neman aiki, duk sai ta intanet. Yaro daga Ɓaure ko Mai'aduwa ko Kwangwalam da ba shi da kwamfutar kansa, shago zai je ya miƙa lambar NIN, hotonsa, lambar wayarsa, wani lokaci har da bayanan banki. Waɗannan duka a kwamfutar mai shago suke kwana. Amana ce, kuma tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a da ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsare su.

Ga kuma sabon sauyin gida ya iso. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, sai ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga wanda ya yi rajista ta musamman. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana buƙatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar da a ɓangaren Intel galibi ba ta gaza zubi na takwas ba, wato na wajen 2017 zuwa sama. Kwamfutocin gwanjo da yawa da ke shagunanmu sun girmi haka. Masu gyara sun iya dabarar tsallake sharaɗin, amma Microsoft ya ce bai yi alkawarin ci gaba da tura gyara ga irin waɗannan ba. In aka tilasta sabuwar Windows a tsohuwar kwamfuta, sannan aka ɗora mata kayan tsaron zamanin XP, an tara tsufa biyu a kan jari ɗaya.

Abin yi

Wanda ke da kwamfuta mai Windows 10 ko 11 ya fara da duba abin da ke cikinta. Duk manhajar tsaro da kamfaninta ya daina sabuntawa, ko aka fasa lasisinta, a cire ta. Cirewar yau da kullum kan bar direba a ƙurya, don haka a nemi manhajar gogewa da manyan kamfanonin antibairos ke bayarwa a shafukansu. Bayan haka a buɗe sashen Windows Security a tabbata Defender na aiki. Antibairos guda ɗaya mai rai ya isa. Biyu a ƙofa ɗaya kowanne ɗaukar ɗan'uwansa yake ɓarawo, kwamfuta ta yi nauyi a banza.

Sabuntawa tana cin data, gaskiya ne. A ware mata rana ɗaya a wata, lokacin da akwai wuta ko sola ta cika, a lissafa kuɗin cikin kuɗin shago kamar yadda ake lissafa tawada da takarda. Kwastomomi a buɗe masu asusun da ba shi da ikon ɗora manhaja, mai shago ya riƙe babban asusu da kalmar sirri. Wannan kaɗai yana yin rabin aikin da ake nema a wurin manhajojin kulle-kulle, kuma a jikin Windows yake, ba ya faɗa da ita. Mai son daskarewa ya nemi nau'in da aka yi wa Windows ɗinsa, ya sa a nuna masa yadda ake narkarwa. Fayilolin jama'a a riƙa kwafe su a hadis na waje, a cire shi a ajiye, waɗanda aka gama da su kuma a goge.

Tsohuwar kwamfutar da ba za ta ɗauki Windows 11 ba ba ta zama shara ba. Za a iya raba ta da intanet ta ci gaba da tafin da buga takardu, ko a sa mata Linux, irin su Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma ana sabunta su.

Ga 'yan'uwana masu gyara, filashin nan jarinku ne, amma jari ne mai lalacewa kamar magani a kemis. Ku riƙa bincikarsa kowace shekara kuna zubar da abin da wa'adinsa ya wuce, musamman kafin ku miƙa shi ga yaranku. Malaman da ke koyar da kwamfuta a makarantunmu su ma su sa wannan a darasi, domin ɗalibansu ne injiniyoyin gobe na Daura da Zango da Sandamu.

Kai kuma mai karatu, ranar da za ka kai kwamfutarka gyara, kafin a soka filash ka yi tambaya biyu: wannan manhajar wace Windows aka yi wa ita, kuma yaushe rabon kamfaninta da sabunta ta? In mai gyara ya kasa amsawa, ka ce ya bar maka Defender a kunne, ka biya shi kuɗin aikinsa, ka ɗauki kayanka.